Abin da Kitse Ke Raɗa wa Mama

Idan kaka ta yi kyau a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, aka kai masara kasuwar Dandume, aka sayar da auduga da waken suya, sai bukukuwa su kankama. A gidan biki kuwa babu gaisuwar da ta fi daɗi a kunnen mace kamar, "Masha Allah Hajiya, kin murje, hutu ya karɓe ki." Wadda ta faɗa kuma sai a ja ta gefe: "Yaya, lafiya kuwa?" Ban ga laifin kowa ba. Mutanen da kakanninsu suka san yunwar tsakiyar damina dole su ɗauki ƙiba alamar wadata, su ɗauki kitsen jiki kamar rumbu, wurin ajiye rarar bana saboda baɗi.

To amma rumbu shiru yake, shi kuwa kitse yana magana. Dare da rana yana zuba wasu sinadarai a cikin jini, waɗanda likitoci ke kira homon, wato 'yan aiken da wata gaɓa ke turawa da umarni zuwa ga wata. Cikin masu sauraron wannan saƙo har da mama, har da sankarar da kan tsiro a cikinta. Ga kaɗan daga abubuwan da aka gano.

Darasi daga garke

George Beatson likitan fiɗa ne a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan. Yana saurayi ya zauna a karkara, ya sa ido a kan yadda tumaki ke shayarwa da yaye, ya kuma samu labarin cewa a wasu ƙasashe makiyaya kan cire wa saniya ma'ajiyar ƙwai bayan ta haihu don nononta ya daɗe bai ƙafe ba. Sai ya gane akwai wata igiya tsakanin ma'ajiyar ƙwai da hantsa wadda ido ba ya gani. A 1895 aka kawo masa wata mata mai shekara 33 da sankarar mama ta dawo mata bayan an yi aiki. Ya bar ƙirjin, ya cire mata ma'ajiyar ƙwai. Ƙarin ya yi ta motsewa har ya ɓace wa ido, ta ƙara kusan shekara huɗu a duniya. Ya buga labarin a 1896. Kalmar homon ɗin kanta sai a 1905 aka ƙirƙiro ta, sinadarin da ya toshe wa hanya kuwa, istrojin, sai a 1929 aka tace shi. Ya yi maganin abin da ba a ma raɗa wa suna ba tukuna.

Kitse ya gaji aikin

Istrojin shi ne homon ɗin da ke fito wa budurwa da ƙirji, yake kuma juya al'ada. Sankarar mama da yawa tana da wani abu kamar kwaɗo a cikin ƙwayoyinta, istrojin ne mabuɗinsa. Da zarar ya buɗe, sai ƙwayar ta rabu biyu, biyu su zama huɗu.

Da al'ada ta ɗauke, ma'ajiyar ƙwai ta ajiye aiki, sai a zaci istrojin ya ƙare. Ina! Wata 'yar gaɓa da ke zaune a kan ƙoda tana ci gaba da fitar da homon irin na maza, a cikin kitse kuma akwai wani sinadari, aromates, da ke juya shi ya koma istrojin. Ke nan a jikin gwaggo mai shekara sittin, kitse ne babbar masana'antar istrojin, kuma iya yawansa iya yawan abin da zai fitar. Ƙari a kan haka, hanta tana yin wani furotin da ke yi wa istrojin dabaibayi a cikin jini, ƙiba kuwa tana sa hanta ta rage yin sa. Ga shi ya ƙaru, ga shi an kwance masa ƙafa. Sannan ita kanta mamar dattijuwa yawancinta kitse ne, wato masana'antar katanga ɗaya take da ciwon.

A 2016 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta lissafa nau'in sankara 13 da hujja ta tabbata cewa ƙiba na ƙara haɗarinsu. Ta mama bayan ɗaukewar al'ada tana ciki, haka ta mahaifa.

Kafin nan kuwa, akasi

Abin da ke ɗaure wa masana kai shi ne, a matan da ke al'ada lissafin juyawa yake. Wani nazari na 2018 da ya haɗa mata fiye da 750,000 ya nuna masu jiki sun ɗan fi siraran tsira daga kamuwa kafin al'ada ta ɗauke. Kada kowa ya ɗauki wannan albishir. In ciwon ya riga ya shigo, mai ƙiba ta fi shan wuya ko shekararta nawa: da aka tattara nazari 82 a 2014, na mata fiye da 213,000, an ga haɗarin mutuwa da sankarar mama ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu ƙiba. Kuma naman da aka tara a goyon fari da na biyu, shi ne dai ake shiga shekara hamsin da shi.

Ɓeran da bai san ƙoshi ba

A 1949, a wani ɗakin bincike da ke jihar Men ta Amurka, aka haifi wasu ɓeraye da ba sa ɗaga kai daga abinci, har su ninka 'yan uwansu uku a nauyi. Daga baya wani masani, Douglas Coleman, ya riƙa ɗinke ɓera biyu gefe da gefe yadda jininsu zai gauraya. Da ya haɗa mai ƙibar da lafiyayye, sai mai ƙibar ya rage ci. Ashe akwai wani saƙon ƙoshi a jinin lafiyayyen da shi ya rasa. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Niyok ya gano shi. Aka sa masa suna leftin, daga kalmar Girkanci mai nufin siriri. Kitse ne ke yin sa, yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa rumbu ya cika, a dakata.

Wani kamfani ya biya dala miliyan 20 don ya mallaki haƙƙinsa, da zaton an samu maganin ƙiba. Sai aka tarar masu ƙiba leftin ya yi musu yawa ma, ƙwaƙwalwar ce ta daina ji, kamar mai gida kusa da injin niƙa da ƙara ta daina hana shi barci. Ita sankara kuwa kunnenta a buɗe yake. A kwanon gwaji, leftin yana sa ƙwayoyin sankarar mama su hayayyafa, yana zuga aromates, yana taimaka wa ƙari ya jawo sababbin hanyoyin jini, har yana iya murɗa kwaɗon istrojin ba tare da mabuɗin ya zo ba. Mata kuma leftin ɗinsu ya ninka na maza biyu zuwa uku, ko da jikinsu ɗaya.

Ga wani abin al'ajabi. A 2003 Margot Cleary da abokan aikinta a Minesota suka ɗauki jikokin waɗancan ɓerayen marasa leftin, suka sa musu gadon sankarar mama. Duk uban kitsen da ke jikinsu, ƙari bai fito musu ba, alhali 'yan uwansu masu leftin sun yi. A yi adalci dai, mamar irin waɗannan ɓeraye ba ta cika girma yadda ya kamata ba, kuma yawancin abin da aka sani game da leftin daga ɓera da kwanon gwaji ne. Har yau babu maganin toshe leftin da ake ba masu sankara a asibiti.

Wanda ke ja da baya

Kitse yana yin wani homon kuma, adifonektin, da aka gano a 1995. Shi nagari ne: yana kwantar da kumburi, yana taimaka wa insulin, yana taka wa ƙwayoyin sankara burki a gwaji. Abin mamakin, kitse ne ke yin sa, amma duk lokacin da kitsen ya ƙaru shi raguwa yake.

Gammo a madubin likita

Ƙwayar kitse tana da iyakar kumbura. In ta wuce sai ta mutu, fararen ƙwayoyin jini masu aikin shara su kewaye ta, su yi mata zobe kamar gammo. A 2011 masu bincike a Niyok suka nuna wannan gammo a cikin mamar mata, ya kuma fi yawa ga masu ƙiba. Inda duk yake akwai kumburin da ba zafi ba ciwo, wanda mai shi ba ta san da shi ba, kuma aromates yakan ƙaru a wurin.

Kallon kitse, kallon rogo

Hausawa na cewa ana yi wa rogo kallon kitse. A nan kuma kitsen ne ake yi wa kallon rogo. A 2019 aka buga nazarin wasu matan Amurka da al'adarsu ta ɗauke, waɗanda sikeli ya ce nauyinsu daidai yake, amma aka auna kitsensu da na'ura. Waɗanda suka fi tara shi a ɓoye haɗarinsu ya kusan ninka na sauran a sankara mai jin istrojin.

Binciken gida ma ya nuna haka. A Ibadan, inda aka daɗe ana kwatanta matan da suka kamu da waɗanda ba su kamu ba, an ga faɗin ƙugu da yadda ciki ya rinjayi ɗuwawu sun fi nauyin sikeli nuna haɗari. Kitsen cinya da na mazaunai mai sauƙin kai ne. Na tumbi, wanda ke naɗe da hanji da hanta, shi ne mai yawan surutu.

Auna shi ba ya bukatar asibiti. Tef ɗin tela ya isa: ga mace, ƙugu ya haura santimita 80 a fara lura, ya haura 88, wato wajen inci 35, haɗari ya yi yawa. Wadda ba ta da tef ta samu igiya, ta yanke daidai tsawonta daga ƙafa zuwa ka, ta ninka biyu, ta zagaya cikinta wajen saman cibiya. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, akwai aiki. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince da wannan ma'auni a 2022, cewa ƙugu kada ya kai rabin tsawo.

Sha-ka-fashe

Son cikar mace ba namu ne mu kaɗai ba. Efik na Kalaba suna da ɗakin kiwon amarya, Larabawan Azawak a Nijar kuma kan ɗura wa 'yan mata gero da madara tun suna ƙanana. Amma abin da ke tayar mini da hankali shi ne ƙwayoyin da ake sayarwa a shaguna da gidajen biki, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu deksametason ne, ko wani maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki. Deksa ba ta ƙara lafiyayyen nama. Tana tara kitse a tumbi da fuska da doron wuya, ta tsotse hannu da ƙafa, ta ɗaga sukari da hawan jini, ta rarake ƙashi. Wato irin kitsen nan dai da muka gama magana a kansa, shi yarinya ke saye da kuɗinta don ta fito ranar kamu. Ya kamata iyaye mata da masu gyaran amare su san wannan. Likita ma yakan ba da deksa tare da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, don hana amai, amma a gwargwado, na 'yan kwanaki.

Maganin da ya ɓata hanya ya dace

Tamoksifen, ƙwayar da miliyoyin mata ke sha, Dora Richardson ce ta haɗa ta a 1962 a kamfanin ICI na Ingila, da nufin hana ɗaukar ciki. A ɓera ta yi aiki, a mata kuwa sai ta sa su saki ƙwai. Saura kaɗan a jefar da ita. Aka gwada ta a kan masu sankarar mama a asibitin Christie na Manchesta, sakamako ya fito a 1971. Aikinta shi ne ta shige kwaɗon ta toshe, istrojin ya zo ya rasa wurin shiga. Shan ta shekara biyar yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma ga mai sankarar da ke da kwaɗon kawai. Ga wadda ba ta da shi, ba ta tsinana komai. Mai ƙiba da ke shan ta kuma, in ta ga jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ta koma asibiti a ranar, domin ƙiba da tamoksifen duk suna taɓa mahaifa, duk suna sa jini ya daskare.

Inda magani ke gazawa

Akwai wasu ƙwayoyin da ba kwaɗon suke toshewa ba, masana'antar suke rufewa, wato aromates: anastirozol da letirozol da ɗan uwansu na uku. Ana ba wadda al'adarta ta ɗauke, ko wadda aka kwantar mata da ma'ajiyar ƙwai. Ƙwaya ɗaya ce a rana, ga mai kilo 50 da mai kilo 110 duk ɗaya. Da aka sake duba wani babban gwaji a 2010, an ga ciwon ya fi dawo wa masu ƙiba sosai, kuma fifikon anastirozol a kan tamoksifen ya fi fitowa a siraran mata. A Ostiriya a 2011 aka ga irin haka a matan da ba su manyanta ba. Letirozol kuwa ya fi danne istrojin, kuma a nasa babban gwajin amfaninsa bai canja da nauyin jiki ba. Zaɓin na likita ne, amma mai jiki tana da damar ta tambaya.

Duk manomin dawa da masara a Bakori ko Ƙafur ya san wuta-wuta. Irinta yakan kwanta a ƙasa fiye da shekara goma bai tsiro ba, sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa sannan ya farka. Sankara mai jin istrojin haka take. 'Yan ƙwayoyinta kan laɓe a ƙashi ko wani wuri, su tashi bayan shekara goma, har ashirin. A 2018 masu bincike a Kalifoniya suka nuna a gwaji cewa leftin yana koya wa irin waɗannan ƙwayoyin iri ƙona kitse su rayu da shi, har su jure wa kemo. Saboda wannan laɓewar ne ake cewa a sha ƙwaya shekara biyar, wani lokaci goma, ko da jiki ya yi garau. Wadda ta ajiye a wata na takwas don ta ga ta warke, ta yi noman fari ne ta bar maimai.

Tausayin da ke cutarwa

Da tsawo da nauyi ake lissafa yawan kemo. Shekaru da dama likitoci na jin tsoron adadin da lissafi ke bayarwa ga mai ƙiba, sai su rage. A 2012 ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta ce masu ƙiba har kusan 40 cikin 100 ana ba su ƙasa da abin da ya kamata, ta kuma ce a riƙa bayarwa cikakke bisa nauyin gaskiya, domin cikakken bai fi wahalar da su a kan sauran mutane ba. Ashe wani kaso na taurin kan ciwon daga ma'auni yake. A nan gida akwai wani ragin kuma, na aljihu: a yi zagaye uku a tsaya sai an sayar da sa.

Sukari da insulin

Insulin ba sukari kaɗai yake shigarwa ba, yana kuma cewa ƙwayoyi su girma. Mai tumbi jikinta kan daina jin sa, sai a riƙa zubo shi da yawa. A 2002 Pamela Goodwin a Toronto ta bi mata 512 masu sankarar mama da ba su da ciwon sukari. Waɗanda insulin ɗinsu ya fi yawa, ciwon ya ninka dawo musu biyu, mutuwa ta ninka uku. Sai aka sa rai a kan metfomin, maganin sukari mai araha da asalinsa ke komawa ga wata ciyawar Turai. Aka ba mata 3,649 ko dai shi ko ƙwayar da ba komai a cikinta. Sakamako ya fito a 2022: bai hana dawowar ciwon ba.

Abin da ke sauke insulin ba tare da takardar likita ba shi ne motsi. Iyayenmu sun yi daka da surfe da jan guga. Injin niƙa da famfo da babur sun sauke wa mata wahala, kuma alheri ne, amma lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu sun shigo a daidai lokacin da gumi ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na motsi a mako, wato rabin sa'a kwana biyar, ko da zagayen tsakar gida ne bayan asuba. A wani nazarin mata kusan 61,000 a Amurka, waɗanda suka rage kashi 5 cikin 100 na nauyinsu haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 12. Ga mai kilo 80, kilo huɗu ke nan.

Huɗu a gurguje

Awara: waken suya yana da sinadarin da ya yi kama da istrojin, har wasu ke hana masu ciwon ci. Amma a Shangai an bi mata fiye da 5,000 masu sankarar mama, aka buga a 2009 cewa masu cin abincin waken suya sosai sun fi tsira. Maganar abinci ake, ba ƙwayoyin da ake tatsa daga waken ba.

Angurya: a cikinta akwai wani sinadari, gosifol, da aka gano a Sin yana hana maza haihuwa a yankunan da ke girki da ɗanyen manta. An gwada shi a kan mata 20 masu sankarar mama a Niyok, sakamakon da ya fito a 2001 bai nuna amfanin kirki ba. Tataccen man angurya an cire masa shi.

Maza: kusan ɗaya cikin 100 na masu sankarar mama namiji ne, kuma aromates ɗin da ke cikin teɓar Alhaji aikinsa ɗaya da na Hajiya.

Goyo: a 1713 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya lura ciwon ya yi yawa a matan coci da ba sa aure. A 2002 nazari 47 daga ƙasashe 30 ya nuna kowace shekara ta shayarwa tana rage haɗari da kashi 4.3 cikin 100, kowace haihuwa kuma da kusan kashi 7. Doguwar shayarwar da muka gada garkuwa ce ta gaske, sai dai tana ragewa ne, ba ta hanawa. Mai 'ya'ya tara ma tana kamuwa, kuma ƙullutun da ya fito lokacin goyo ya ƙi tafiya, kada a ce daskararren nono ne a zauna.

Kwaɗon da rana ke cinyewa

A Turai da Amurka, sankarar mama bakwai zuwa takwas cikin goma tana da kwaɗon istrojin. A 2009 Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chikago da abokan aikinta suka buga cewa a samfuran da suka duba daga Najeriya da Senegal mafi yawa ba su da shi. Wani binciken Ibadan na 2008 kuwa ya same shi a kusan biyu cikin uku. Ɗaya daga dalilan irin wannan saɓani yana da sauƙin fahimta: kwaɗon yana lalacewa in aka bar tsokar da aka yanko a fili. Ƙa'ida ita ce a tsoma ta a ruwan fomalin cikin sa'a guda, ta kwana ciki tsakanin sa'a 6 zuwa 72. In aka yi sakaci, ga zafin ƙasarmu ga nisan hanya, gwaji zai ce babu alhali akwai, a hana mace ƙwaya mai arahar da za ta ƙara mata shekaru.

Don haka duk ƙarin da aka cire daga mama, kada a karɓa a binne kafin a auna. 'Yar da ta raka mahaifiyarta ta daure ta ce, "Likita, don Allah an kai tsokar Inna gwaji? Tana jin homon ko ba ta ji?" Tambaya ce da likitan kirki zai ji daɗinta.

Daga Yuni zuwa Disamba

Wani masani mai suna Murray Last ya zauna a ƙasar Malumfashi daga 1969 zuwa 1972 yana nazarin yadda mutane ke jinya. A rubutun da ya buga a 1981 ya lura cewa da yawa ba sa matsa wa kansu sanin musabbabin ciwo ko yadda magani ke aiki, abin nema dai a dace. Ga zazzaɓin da zai wuce, wannan ba laifi. Ga sankara kuwa, watannin da ake kashewa ana gwada wannan a gwada wancan su ne jarin da ake da shi. Har yanzu ana jin masu cewa ciwon daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya fantsama. Allurar gwaji ba ta yaɗa shi. Ana zuwa ne bayan ya riga ya fantsama, sai a ɗora wa allurar laifi. Haka ajiye kuɗi a rigar mama, ba shi ke kawo shi ba.

Ƙididdigar 2022 ta nuna mata fiye da 32,000 sun kamu a Najeriya a shekara guda, fiye da 16,000 sun rasu. Wani nazari na 2016 ya nuna kusan uku cikin huɗu na matan Afirka kudu da Sahara sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu ake gano shi, kuma da yawansu shekarunsu arba'in da wani abu ne, siraransu da masu jikinsu. Babu mai ƙibar da ta jawo wa kanta, babu kuma siririyar da ta tsira.

Daga Funtuwa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai kai kilomita 80 ba, a kan titin Zariya, kuma akwai sashen sankara a can. Yana cikin asibitocin da aka fara asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. A 2025 an buɗe wata cibiyar a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta ce daga ranar da mace ta kai kukanta asibiti zuwa ranar da aka tabbatar da ciwon kada a wuce kwana 60. A wajenmu mace kan ji ƙullutu tana wanka a watan Yuni, lokacin da kuɗin gida duk sun tafi taki, ta yi shiru sai an cire amfani. Daga shuka zuwa ranar da buhu zai isa Dandume, kwana 180 ne.